Mu'allim Sale Mai Ɗaure Bakin Inji

Ku da kuka zauna da Mu'allim Sale a unguwar Harra, nan Madina, wane ne a cikinku bai taɓa ƙwanƙwasa masa bango ba? Ba ƙofa nake nufi ba, bango. Mutum zai yi sallama, ka shimfiɗa masa darduma, ka kawo shayi, shi kuwa sai ya wuce ka, ya je ya dunƙule hannu ya bugi bangon ɗakinka sau uku, ya manna tafinsa, ya lumshe ido kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sannan ya juyo ya yanke hukunci.

"Taku tara."

Wato duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, wanda ke tsaye taku tara a waje zai kwashe shi tas. Ranar da ya yi wa Alhaji Garba tela haka, ana tsakiyar walimar sabon gida ne, baƙi cike da ɗaki. Alhaji Garba ya ce, "Haba Mu'allim, bulon siminti ne fa."

"Bulo mai rami, cikinsa iska ce zalla. In za ku yi faɗa da Hajiya, ku tafi bayan dutsen Uhudu ku yi, in kun gama ku dawo."

To sana'ar tasa ke nan. A lokacin wutar gwamnati ba ta kai ko'ina ba. Lambunan dabino na Jurf da Aƙiƙ duk injin dizal ne ke ja musu ruwa daga rijiya, masu shaguna kuma kowa da janaretonsa yana tuf-tuf-tuf tun safe. Mu'allim shi ke gina wa inji ɗaki ko akwati, a ɗaure masa baki maƙwabta su huta. Kafintoci da yawa suna taɓa wannan aikin, amma shi kaɗai ne zai gaya maka, tun bai buga ƙusa ko ɗaya ba, a taku nawa ƙarar za ta mutu. Kuma a kan wannan takun yake tsayawa, ko za a yanka shi.

Abin dariyar, mai sayar da shirun shi ya fi kowa ƙara a Harra ta Yamma. In ya yi sallama a bakin layi, a ƙarshen layi ake amsa masa. In kuma ka kira shi ta baya, ko waiwaye, muna cewa girman kai ne irin na Zage-zagi. Don kakansa Bazazzagi ne da ya tako a ƙasa ta Sudan. Shi Mu'allim a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardarsa, bai taɓa ganin Zariya ko a mafarki ba, amma tun ranar da ya gane ni Bakano ne na zama bawansa. Ba ka kuma isa ka yi masa magana kana duban gefe ba. Sai ya kama haɓarka ya juyo da fuskarka, ya ce, "Dube ni in kana magana. Ba a koya muku ladabi a Kano ba?"

Ni Isa, in kun ga ina zaune a Madina har gemuna ya yi fari, bayan ikon Allah wannan mutumin ne sanadi. Zan zo kan wannan. Bari in fara da ƙanƙarar Aƙiƙ, don na san a cikinku akwai waɗanda suka taka ruwanta.

Abdu mai ƙanƙara yana da janareto da ya addabi layinsu, har maƙwabta suka ce za su kai ƙara. Ya kira Mu'allim. Mu'allim ya zagaya injin ya ce, "Taku biyar." Ya yi akwati na katako riɓi biyu, ya ɗura yashi a tsakani, ya bi kowace kafa ya liƙe da kwalta, ko tururuwa ba ta da hanya. Aka ta da inji, aka rufe, aka taka biyar. Tsit. Abdu ya sumbaci goshinsa, aka ɗunguma sallar azahar ana ta yabo. Ana dawowa sai ga ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar shago har titi, awaki sun yi layi suna sha. Ashe inji ya rasa iskar shaƙa, ya mutu tun jama'a suna alwala.

Abdu ya ɗora hannu a ka. "Ya Mu'allim, ka kashe mini inji, ka narkar mini da kaya."

Mu'allim ya kama haɓar Abdu. "Me na yi maka alkawari?"

"Shiru."

"To ka ji wani abu?"

Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ya yi kuskure a wannan aikin ba. Sai dai kwana bakwai ba a gan shi wurin shayin la'asar ba. Rana ta takwas ya ɓullo da wani zane a bayan kwalin sabulu. Wai ya tuna labarin da kakansa ke ba shi na gidajen ƙasar Hausa: zaure, sannan shigifa, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar'uwarta, baƙo ya shiga amma idonsa ba zai kai tsakar gida ba. Haka ya yi wa iska hanya mai lanƙwasa uku, ya lulluɓe cikinta da bargo. Ya ce iska 'yar gida ce, ta san lungu, ƙara kuwa baƙuwa ce, in ta buga goshi sau uku sai ta nemi wuri ta zauna. Ya gyara wa Abdu akwatinsa, amma ya nace wai da ma na farkon gwaji ne.

Daga nan bargo ya shiga uku a garin nan. Da zarar alhazai sun watse, sai ka ga Mu'allim a tsohuwar a-kori-kurarsa yana bin masaukai, yana kwashe barguna da katifun da aka yar, da tsofaffin tayoyi. Tsakar gidansa ta koma kasuwar 'yan gwanjo. Wata shekara da sanyin Madina ya sauka, matarsa Hajiya Maryama ta buɗe akwati ta nemi bargonta mai nauyi, wanda yayanta ya kawo mata daga Sham, ta rasa. Duk layin mun ji abin da ya biyo baya, don gidan Mu'allim da muryar Mu'allim a ciki taku hamsin ne.

"Malam, ina bargona?"

"Yana wurin aiki."

"Aikin me?"

"Yana cikin akwatin janareton wanzami. Shekara uku kina munshari a cikinsa ban ji ko kis ba. Bargon da ya riƙe wannan, janareto wasa ne a wurinsa."

Hajiya ta rama a tukunya. Sati guda dai yana cin miya ba gishiri, yana zuwa wurin shayi yana ce mana likita ne ya hana shi.

To yanzu ga nawa. Ni ba ɗan ƙasa ba ne, da iƙama nake zaune, wato takardar izinin zama, a hannun kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, Abu Nasir, mai lambun dabino a Jurf. Aikina injin rijiya: in tayar, in zuba mai, in kora ruwa gindin dabino. Muna zaman lafiya sai ya ɗauko mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Sitti, ya kawo ta gidan da ke cikin lambun, don gine-ginen cikin gari sun hana ta sakat. Tsohuwa ta zo neman hutu, ta tarar da injina yana tuf-tuf-tuf daga hantsi har la'asar. Kwana uku ta yi ta ce wa ɗanta ya zaɓa, ko ita ko inji. Abu Nasir kuwa mutum ne da ba ya haɗa uwarsa da komai. Ya kira ni ya ce, "Ya Isa, in ƙarar nan ba ta mutu ba zan rufe rijiya in sayar wa masu gina gidaje da lambun. Ni ba ni da wani aikin da zan ba ka." Saura wata ɗaya iƙamata ta ƙare. Ba lambu, ba sabuntawa, sai jirgi. Ni kuwa tun ranar da na fara ganin koriyar ƙubba na roƙi Allah ya sa a garin nan za a binne ni.

Da farko wani injiniya Abu Nasir ya kawo, mai farar hula ta roba da wani agogo mai allura da ke rawa in ya ji ƙara. Ya auna, ya cika takarda da lissafi, ya ce ƙarar za ta ragu kaza bisa kaza. Aka kawo ɗakin kwano mai sheƙi aka kifa a kan inji, aka ɗaure shi da noti a jikin dakalin da injin ke kai. Na tayar. Jama'a, ashe ganga muka yi wa inji. Kwanon nan ya ɗauki kiɗa, har tagar Sitti tana amsa amshi. Ta jefo takalminta ta taga, ya sami injiniya a kafaɗa. Sati biyu suka tafi a banza.

Na ruga Harra na sami Mu'allim yana tsefe katifa. Na tsaya a gabansa, na dube shi ido cikin ido yadda yake so, na zayyana masa komai. Ya ce, "Bakano ya ga uwar bari. Hau mota, bawana."

Da muka isa bai gai da kowa ba sai da ya ƙwanƙwasa ɗakin kwanon. Ya ce wannan ko sirrin kaza ba zai riƙe ba, a cire. Ya sa na ta da inji tsirara. Ya ɗauko sandarsa ta magarya, ya dafa kanta ɗaya a jikin inji, ya ciji ɗaya kan da haƙora, ya lumshe ido. Haka ya bi dakali, ya bi bututun ruwa, yana cizon sanda kamar akuya ta sami rake. Sannan ya ce a kawo shayi. Na ɗauka sha zai yi. Ina! Ajiye kofin ya yi a ƙasa yana kallon yadda shayin ke rawa, ya matsa gaba ya sake ajiyewa, har bakin tagar Sitti. A kan bututun da ya bi ta gindin bangonta shayin har fantsama yake. Ya dawo ya taka daga rijiya zuwa taga yana ƙirgawa da muryar da ta kori tsuntsayen lambun.

"Arba'in da ɗaya. A taku talatin za ta mutu. Sha ɗayan kyauta ce. Daga tagar nan tsohuwa za ta ji kukan kurciya inji yana aiki."

Abu Nasir ya ce, da Larabci, "Injiniya ma da takarda ya zo. Kai ina taka?"

Mu'allim ya ɗaga kofin shayin ya shanye. "Ga ta nan, na sa hannu."

Kwana goma sha biyu muka yi muna aiki, ni ina ƙirga kwanakin iƙama, shi ko a jikinsa. In na ce mu hanzarta sai ya ce Kanawa da gaggawa aka haife su, shi ya sa ba su da nauyi, ƙara kuwa nauyi take tsoro. Muka ɗaga inji muka ɗora shi a kan tayoyi, don kada ya riƙa gaya wa ƙasa abin da ke cikinsa. Muka yanke bututun ƙarfe muka haɗa tsakaninsa da tiyo. Muka gina bango biyu muka cika tsakaninsu da yashi, muka yi zauren iska ta gabas da wani ta yamma, hayaƙin inji kuma muka tura shi cikin wani duro da muka binne. Barguna kuwa, na tabbata rabin alhazan Turkiyya na wannan shekarar suna da lada a ɗakin nan.

Saura gwajin turare. Ku da kuka yi aiki da shi kun san shi: inda hayaƙi ya bi, nan ƙara za ta bi. Ya toshe zaurukan iska da tsumma, ya cika kasko da garwashi, ya zuba turaren wuta har da ƙari, ya miƙo mini da mafici.

"Shiga. Ka yi ta fifita, ka yi ta ihu. Ni zan zagaya ta waje da gawayi."

Na shiga, ya rufe ƙofa. Da farko ihun aiki nake yi. Kafin a jima ya koma ihun gaske, don hayaƙi ya cika ɗaki, idanuna na zuba, ina tari ina dukan ƙofa ina kiran sunansa, har na kira sunan kakansa na Zazzau ban yi masa daɗi ba. Shiru. Sai da ya gama zagayensa a tsanake, ya shata kafar makulli da ƙasan ƙofa da wata 'yar tsaga kusa da rufi, sannan ya buɗe. Na faɗo waje ina ƙamshi kamar amarya.

Na ce, "Mu'allim, kashe ni za ka yi? Tun yaushe nake ihu!"

Ya kama haɓata. "Ka yi ihu?"

"Har muryata ta dishe."

"Ban ji komai ba. Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau."

Muka cike wuraren nan uku. Kafar makullin da ba ta kai ƙwayar dabino ba sai da ya yi mata murfi na fata, yana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar gwaji da hantsi aka buɗe tagar Sitti, aka sa mata kujera. Abu Nasir yana tsaye gefenta, saura kwana huɗu a iƙamata. Na shiga na juya hannun inji, ya kama, na fito na ja ƙofar nan mai nauyi na rufe. Na fara takawa ina ƙirgawa a zuci. A taku goma ina jin sa sosai. A ashirin ya koma kamar ana daka a wata unguwa. A talatin na tsaya na kasa kunne, ban ji komai ba sai ruwa yana gudu a gindin dabino. Na ƙarasa bakin taga. Sitti ta karkata kai, ta ɗaga yatsa kowa ya yi shiru. Can cikin dabino sai kurciya ta yi kuka, sau biyu.

Kowa ya yi shiru, na ce, ban da mutum ɗaya. Mu'allim ya juya mana baya yana nuna zauren iska da sanda, yana yi wa lambun gaba ɗaya bayanin yadda ƙara ke buga goshi, da muryar nan tasa. Sitti ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta ce, "Injin dai ya yi ladabi, a bar shi, a bar mai kula da shi. Saura wancan mai ihun. Shi ma a gina masa nasa ɗakin."

Abu Nasir ya yi dariya har ya dafa bango. Ni dariya nake, hawaye na zuba, don na san na zauna. Mu'allim ya juyo ya ga bakunanmu a buɗe, ya ɗan tsaya, sannan shi ma ya fashe da dariya, ya fi kowa.

Da muka je kwashe kayan aiki sai ya ja ni bayan ɗakin injin, inda ba mai ganinmu. Ya kama haɓata kamar kullum. Ya yi ƙoƙarin rage murya, abin da ban taɓa gani ba.

"Isa, gaya mini gaskiya. Kurciyar ta yi kuka?"

Na ce, "Sau biyu, Mu'allim. Ba ka ji ba?"

"Rabona da jin kurciya tun kafin a haifi autata. Injuna sun cinye kunnuwan, ɗaya bayan ɗaya. Bakinku nake karantawa." Ya saki haɓata. "Tsohuwar me ta ce kuka yi dariya? Na ba ta baya."

Na gaya masa. Ya yi dariyar gaske wannan karon, har ya zauna a kan taya. Da ya huce ya ce, "Kada ka faɗa wa kowa. Wa zai ba kurma aikin shiru?"

Na yi masa alkawari, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Aka sabunta mini iƙama a wannan satin. Na yi aure a nan, na haifi 'ya'yan da nake yi wa Hausa suna mayar mini da Larabci. Shekara da shekaru ina tsayawa kusa da shi a wurin shayi, in an yi magana ta bayansa in taka masa ƙafa ya juya. Kun sha cewa Bakano ya zama bawan Bazazzagi da gaske. To yau kun ji dalili. Duk kiran da kuka yi masa ta baya bai amsa ba, ba raini ba ne, ku yafe masa. Taurin kan dai nasa ne halak malak, wannan kada ku ɗora wa kunne.

Shekaranjiya da na je yi wa Hajiya Maryama ta'aziyya, daga bayan labule na ce mata akwai amanar da na riƙe wa Malam, ban sani ba ko ta sani. Ta ce, "Malam Isa, ni da nake kwana ina tashi da shi? Na riga shi sani. Na bar shi ne da rufin asirinsa." Na ji tana jan hanci. Sannan ta ce, "Amma tun da za ka ba da labari, ka gyara mini abu ɗaya. Ni ban taɓa munshari ba. Shi ne mai yi, bai dai taɓa jin kansa ba."

To na gyara, Hajiya, a gaban jama'a.

Allah ya jiƙan Mu'allim Sale, ya sa maƙabartar Baƙi'a ta zame masa wurin hutu. Ya raba wa mutane shiru suka ji daɗi, shi kuwa nasa ya yi masa yawa bai taɓa kai kuka ga kowa ba. Allah ya mayar masa da kunnuwansa a inda ya tafi, ya sa sallamar mala'iku ce farkon abin da zai ji. In kuma akwai kurciya a can, ya Ubangiji, ka sa ta sauka kusa da shi.